Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Ilimi Na Ƙasar Zazzau Kan Darasin Rana Da Duniyoyinta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, iyayenmu jami'an ilimi na ƙasar Zazzau, da shugabannin makarantun gwamnati da masu zaman kansu, da malamanmu na manyan makarantun da ke Zariya da kewaye. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ina rubuto wannan wasiƙa ne a matsayina na malamin kimiyya a wata ƙaramar sakandare a garin nan. Da yawun abokan aikina nake magana, masu koyarwa daga cikin ganuwa har Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru da Wusasa, da kuma yawun iyayen da ke tare mu a bakin ƙofar makaranta ko bayan sallah suna tambayar abin da muke koya wa 'ya'yansu. Kukanmu a kan darasi ɗaya ne, wato darasin rana da duniyoyin da ke kewaya ta. Yana nan a manhaja, ana yin tambaya a kansa a jarrabawa, amma zango bayan zango ana barinmu mu shiga aji da shi hannu Rabbana.

Na san akwai wanda zai ce makarantar da rufinta ke yoyo, yara na zaune a ƙasa, ina ita ina zancen taurari. Mu da muke wuni a waɗannan azuzuwa mun fi kowa sanin yoyon, kuma ba mu daina kai kukansa ba. Sai dai gyaran rufi yana jiran kasafin kuɗi da ɗan kwangila, alhali yawancin abin da zan roƙa a nan umarni ne da sa hannu, sai ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kuma a wannan darasin ne yaro ke fara gane dalilin dare da rana, da sanyi da zafi, da tsayuwar wata, abubuwan da nomanmu da ibadarmu suka rataya a kansu.

Zan fara da abin da ke manne a bango. A makarantu da yawa, hoton duniyoyin da ke cikin aji, in ma akwai shi, har yau tara yake nunawa, da Fuluto a ƙarshen layi. Tun a watan Agustan 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yi taro a birnin Prague ta gindaya sharuɗɗa uku kafin a kira abu cikakkiyar duniya: ya kasance yana kewaya rana, nauyinsa ya isa ya dunƙule shi ya zama mulmulalle, sannan ya share hanyarsa daga sauran tarkacen da ke kusa da shi. Fuluto, wadda aka gano a 1930, ta cika biyu ta kasa cika na uku, domin tana tafiya ne a cikin wani yanki mai cike da dunƙulen ƙanƙara a bayan Neptun, kuma ko girman watanmu ba ta kai ba. Daga nan aka mayar da ita sahun ƙananan duniyoyi, lissafi ya koma takwas. Yaran da aka haifa a shekarar da aka yi wannan gyara sun gama sakandare, amma bangonmu bai ji labari ba.

Wannan yana da illa a zahiri. Wata ɗalibata mai ƙoƙari ta je jarrabawar gasa a wata makaranta, aka tambayi adadin duniyoyi, ta rubuta takwas, mai duba takarda ya ja mata jan biro domin takardar amsoshinsa tara ta ce. Ta dawo da takardar a ninke cikin hijabinta, ta miƙo min ba ta iya magana ba sai hawaye. Maki ɗaya ne, amma abin da ta ɗauka daga ranar ya fi maki ɗaya nauyi, domin ta ga cewa bin diddigi na iya jawo wa mutum asara, haddace abin da ke bango kuma ya fi kawo riba. Ga shi kuma labarin Fuluto kansa darasi ne mai daraja da muke asararsa, domin yana nuna wa yaro yadda masana ke komawa su gyara maganarsu idan sabuwar hujja ta bayyana, kamar yadda gano Eris a 2005, wata ƙaramar duniya da ke can bayan Neptun wadda girmanta ya yi kusa da na Fuluto, ya tilasta musu sake zama.

Kuka na biyu shi ne yadda darasin ya koma hadda zalla. Yaro zai jero maka Makuri, Benus, Duniya, Mas, Jufita, Satun, Yuranus, Neptun cikin numfashi ɗaya, amma ka tambaye shi wacce ta fi girma, ko me ya hana su faɗuwa, sai ya sunkuyar da kai. Hoton bangon ma ƙara ɓatar da shi yake yi, domin ya jera su kusa da juna, kusan girma ɗaya, don su shiga takarda. Maganin wannan bai wuce ƙwallo da fili ba. Na fita da ɗalibaina filin makaranta, muka ajiye ƙwallon ƙafa a gindin raga muka ce ita ce rana. A wannan ma'auni, Makuri ƙwayar yashi ce a nisan mita 9. Benus ƙwayar gero ce a mita 17, duniyarmu ma ƙwayar gero ce a mita 24, Mas kuwa ƙwayar acca a mita 36. Zuwa nan yara na ta dariya, kowa na ganin ɗan'uwansa. Da aka zo kan Jufita, sai mai riƙe da ɗan kanya ya yi ta tafiya har ya wuce ƙarshen filin ƙwallon, mita 123. Satun, wadda malamanmu na zaure ke kira Zuhal, tana wajen mita 226, kuma a nan katangar makaranta ta tare mu. Na gaya musu cewa Neptun, ƙwayar wake, tana can bayan mita 700 a cikin unguwa, tauraro mafi kusa da ranarmu kuma sai an yi tafiyar sama da kilomita 6,000 kafin a ajiye ƙwallonsa, nisan da ya zarce na Zariya zuwa Makka nesa ba kusa ba.

Yaron da ke riƙe da duniya ya daɗe yana kallon ƙwayar geron a tafin hannunsa, ya ɗaga kai ya hangi ƙwallon, sannan ya ce, "Malam, to me ke riƙe da ita ba ta gudu ba?" Wannan ita ce tambayar da darasin gaba ɗaya yake nema, kuma ban taɓa jin ta fito daga bakin yaron da ke kwafar rubutu daga allo ba. Daga nan ne za ka iya gaya masa cewa rana ita kaɗai ta ɗauke sama da kashi 99 cikin 100 na nauyin duk abin da ke cikin wannan tsari, kuma jan da wannan nauyi ke yi shi ke lanƙwasa tafiyar kowace duniya ta zama kewaye. Wadda ke kusa tana gudu da sauri a gajeriyar hanya, shi ya sa shekarar Makuri kwana 88 ce, ta Mas kwana 687, ta Jufita kusan shekara 12 tamu, ta Neptun kuma kusan shekara 165. An gano Neptun a 1846, bayan masu lissafi sun lura wani abu na jan Yuranus daga hanyarta sun kuma nuna inda za a duba, amma sai a 2011 ta gama zagaye ɗaya tun daga ranar da aka gan ta. Hasken rana da ke dukanmu yanzu ya baro ta ne minti 8 da 'yan daƙiƙu da suka wuce, bayan ya keta kilomita miliyan 150. Benus ta fi Makuri zafi duk da ta fi ta nisa da rana, zafin ƙasarta ya haura digiri 460, saboda iskar kabon mai kauri da ta lulluɓe ta tana riƙe zafi. Yaron da ya gane wannan ba zai sha wuyar gane zancen ɗumamar yanayi ba ranar da aka zo kansa. Duk wannan bayani awa ɗaya ne a fili, amma jadawalin makarantu da yawa bai ba shi gurbi ba, wasu shugabannin kuma in suka hangi aji a waje sai su ɗauka malami ne ya gudu daga aiki.

Na uku ya shafe mu malamai, kuma ina faɗarsa ne da ganin girman abokan aikina. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗora wa kimiyyar ƙananan azuzuwa wani fannin suka karanta, aka miƙa musu darasin saboda ƙarancin hannu, ba tare da an zaunar da su an horar da su ba. Abin da suka ji a wurin nasu malaman shi suke maimaitawa. Kuskuren da ya fi yawo shi ne cewa sanyi na zuwa ne idan duniya ta yi nisa da rana, zafi kuma idan ta matso. A farkon watan Janairu, lokacin da hunturu ke tsaga mana leɓe a Zariya, a lokacin ne duniya ta fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, wajen miliyan 152. Asalin dalilin shi ne duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi. A Disamba da Janairu rana na bi ta kudu da mu, haskenta na zuwa a kaikaice, ga busasshiyar iskar Sahara da hazonta. Zuwa Maris da Afrilu ta hau tsakiyar kanmu babu girgijen da zai tare ta, bazara ta kankama. Zariya na kan kimanin digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, wajen 20 ga Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, rana na tsayawa daidai saman kanmu da tsakar rana har inuwar sanda ta shige gindinta. A Disamba inuwar tsakar rana arewa take kwantawa, a Yuni kuma kudu. Sanda ɗaya da aka kafa a harabar makaranta, yara na auna inuwarta kowane mako suna rubutawa, za ta koya musu wannan da idonsu. Da irin wannan sandar ake daidaita alƙibla, domin wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli rana na tsayawa saman Ka'aba da tsakar ranar Makka, wato ƙarfe goma da 'yan mintuna na safe agogonmu, duk wanda ya fuskanci rana a lokacin ya fuskanci alƙibla. Ina ganin abin kunya ne yaro ya gama ƙaramar sakandare a garin malamai irin Zariya bai san wannan ba.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne muna koyar da sama ba tare da mun ɗaga kai ba. Duniyoyi biyar ana ganinsu da ido tsirara, babu na'ura: Makuri, Benus, Mas, Jufita da Satun. Iyayenmu sun san su tun kafin boko. Zara da ke fitowa da magariba kusa da jinjirin wata, da Gamzaki da ke fitowa da asuba, duk Benus ce, wani lokaci tana bin bayan rana wani lokaci tana gabanta. Tsofaffin manoma a ƙauyukan Zazzau suna duba Kaza da 'ya'yanta su san inda shekara ta kai, malaman zaure kuma suna da lissafin manzilolin wata 28 da sunayen Mirriku (Mas) da Mushtari (Jufita) da Zuhal a littattafansu. Ƙasar Hausa ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da falaki wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Yau jikokin waɗannan mutane suna haddace sunan Jufita a aji, su fito da dare ta yi fes a saman gidansu, ba su san ita ce ba. Tsofaffin da suka san sama suna ƙarewa, makaranta kuma ba ta ɗauko inda suka tsaya ba.

Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya ga manyan watannin Jufita huɗu a 1610 da madubin hangen nesa da bai kai ƙarfin ƙananan da ake sayarwa yau ba. Da ƙaramin madubi yaro zai ga ramukan da ke jikin wata, ya ga zoben Satun, ya ga watannin Jufita sun sauya wuri daga daren jiya zuwa na yau, ya ga Benus tana cika tana raguwa. Wani bawan Allah ya taɓa ara mana irinsa na dare ɗaya. Yara da iyayensu suka yi layi, har da wani dattijo da ya fito daga masallaci ya tsaya kallo. Da ya sa ido ya ga zoben Satun sai ya ja da baya, ya zagaya gaban madubin ya duba ko an manna hoto ne, ya dawo ya sake leƙawa, yana ta tasbihi. Tun daga ranar yake aiko jikokinsa da tambayoyi. Makarantarmu ba ta da irin wannan madubi, kuma duk abokan aikin da na tambaya amsarsu ɗaya ce.

Ga kuma matsalar harshe. Yaron aji ɗaya na ƙaramar sakandare da Turancinsa bai nuna ba, in ka yi masa bayanin juyawar duniya da Turanci zalla, kalmomin zai riƙe ya bar ma'anar. In ka ce masa da Hausa duniya na juyawa a kan kanta sau ɗaya a yini da kwana, tana kuma kewaya rana sau ɗaya a shekara, nan take zai bi ka. Amma babu ɗan littafin Hausa ko ɗaya a hannunmu kan wannan fanni, kowane malami da irin kalmomin da yake ƙirƙira. Wannan a garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin da aka daɗe da saninsa da ɗab'in littattafan Hausa.

Inda makaranta ta yi shiru, jita-jita ce ke magana. Kowa a cikinmu ya taɓa samun saƙon nan na WhatsApp mai cewa a kashe waya cikin dare saboda wasu haskoki masu haɗari za su wuce kusa da duniya, ko mai cewa Mas za ta fito da girman wata, ko za a yi kwana uku ana duhu. Masu digiri ma na tura shi. Wanda ya san cewa Mas ko a lokacin da ta fi kusa da mu tana nisan wajen kilomita miliyan 55, wata kuwa yana kilomita 384,000 kacal, ba zai tayar da hankalin iyalinsa kan wannan ba. Haka husufi. Addininmu ya riga ya share mana hanya, domin ranar da aka yi husufin rana a Madina ta zo daidai da rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuwa ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarci a yi sallah. Babu saɓani tsakanin tsayawa sallar husufi da sanin cewa wata ne ya gifta tsakaninmu da rana, ko inuwar duniya ce ta faɗa kan wata. Haka ma sanin cewa watan sama kwana 29 da rabi yake yi, shekararsa kwana 354, shi ya sa azumi ke matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara yana zagaya damina da rani.

Manyanmu sun tuna ranar 29 ga Maris 2006, da husufin rana ya ratsa Najeriya, gari ya yi duhu da safe a Gusau da Katsina, mu ma a Zariya rana ta kusa rufewa. Yara da yawa a ranar sun kalli rana kai tsaye, wasu ta baƙin tabarau, wasu ta fasasshen gilashin da aka turara da hayaƙi, kuma babu ɗaya daga ciki da ke kare ido. Kallon rana haka na ƙona bayan ido ba tare da mutum ya ji zafi ba, lahanin kuma kan zauna har abada. Ranar Litinin 2 ga Agustan 2027 wani babban husufi zai bi ta Maroko, Libiya, Masar da Saudiyya, har Makka za ta yi duhu, mu nan Arewa za mu ga wani ɓangare na rana ya rufe da hantsi. Ranar 20 ga Maris 2034 kuma cikakken husufi zai ratsa kudancin Najeriya, ta Legas. An san ranakun tun yanzu, saura shiri kawai, kuma har yau ba mu ji an ce uffan ba.

Ranku ya daɗe, abin da ke ƙara mana ciwo shi ne Zariya ba matalauciyar ilimi ba ce. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Binciken Makamashi da ke riƙe da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, da manyan makarantun horar da malamai, da Kwalejin Barewa da Alhudahuda masu dogon tarihi. Ƙasarmu na da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, ta kuma harba tauraronta na ɗan'adam na farko a 2003. Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da gida. Ranar 3 ga Oktoba 1962, kwana ɗaya kafin buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo daga sama a wata gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, dab da manomin da ke cikinta. Bincike ya tabbatar da cewa ɓallin duniyar Mas ne. Yana cikin fitattun duwatsun Mas da ke hannun ɗan'adam, guntayensa na ɗakunan bincike a ƙasashen duniya da sunan Zagami a jikinsu. Daga nan zuwa can tafiyar mota ce ta 'yan awoyi, ta hanyar Funtuwa. Ɗalibin kimiyya a Amurka ko Jafan na iya sanin sunan Zagami, ɗalibin Zariya bai taɓa ji ba. Duk lokacin da na ba ɗalibaina wannan labari sai ajin ya yi tsit, domin Mas ta tashi daga suna a allo ta zama wurin da dutsensa ya faɗo gonar Bahaushe.

Saboda haka muna roƙonku, da girman Allah da girman amanar yaran nan, ku fitar da takardar umarni zuwa dukkan makarantu a cire tsofaffin hotuna da takardun amsa masu duniyoyi tara, a maye su da ingantattu, a kuma sanar da masu shirya jarrabawa. Wannan ba ya bukatar jiran sabuwar shekarar kasafi.

Muna roƙon a shirya wa malaman kimiyya na firamare da ƙaramar sakandare bita ta kwana biyu ko uku a lokacin hutu, a gayyato malaman fiziks da na labarin ƙasa daga manyan makarantun garin nan su jagoranta. Bitar ta kasance ta aiki da hannu: ƙwallo da tocila don nuna dare da rana da husufi, sanda don auna inuwa, fita fili don auna nisan duniyoyi. A kuma rubuta wa shugabannin makarantu cewa fita da aji fili don wannan darasi aiki ne, a ba shi gurbi a jadawali.

Muna roƙon a sayi ƙananan madubai na hangen nesa, ko da ɗaya ne ga kowane rukunin makarantu, a damƙa kowanne a hannun malami sananne da zai sa hannu a kansa, ya riƙa zagayawa da shi. Kada a kulle su a ofis don gudun lalacewa, mun ga yadda kayan gwaji ke tsufa a cikin kwalinsu. A tsayar da daren kallon sama ko da sau ɗaya a zango, a harabar makaranta, tsakanin magariba da isha'i, tare da iyaye da masu unguwa. Watannin Oktoba da Nuwamba sun fi dacewa, ruwa ya ɗauke hazo bai sauko ba, sama na wankakkiya. Ina jaddada a yi tsarin da 'yan mata za su halarta tare da iyayensu mata da malamai mata, domin in aka bar abin sakaka, maza kaɗai za su zo.

Ga malamanmu na jami'a da kwalejoji, roƙonmu shi ne ku haɗa masana kimiyya da masana Hausa da malaman zaure masu ilimin falaki, a fitar da ɗan littafi mai sauƙi, da boko da ajami, mai ɗauke da sunayen da iyayenmu suka sani tare da na manhaja, a daidaita kalmomin da za mu riƙa amfani da su. A sa labarin Zagami a ciki. A tura ɗalibai masu neman abin rubuta kundin kammala karatu su zauna da tsofaffin manoma su rubuta abin da suka sani na taurari tun suna raye. Makarantun Islamiyya da na allo su ma a kai musu, domin yaranmu ɗaya ne.

Game da husufin 2027, muna roƙon a fara shiri tun yanzu, musamman da yake zai iya faɗowa cikin hutu, lokacin da yara ba sa gabanmu. Kafin a rufe makarantu a koya wa kowane aji hanyar kallo marar haɗari: a huda ƙaramin rami a jikin kwali, a juya wa rana baya, a bar haskenta ya bi ta ramin ya sauka kan farar takarda, ko a duba ƙasa a inuwar itace mai ganye, inda hasken da ke ratsowa zai fito da siffar rana a gutsure. A nemi limamai su faɗa a huɗubar Juma'ar da ke gabanin ranar, gidajen rediyo su maimaita da Hausa, cewa kada kowa ya kalli rana da ido ko da baƙin tabarau.

A shirye muke mu zo duk inda kuka kira mu, da jerin makarantun da ke da tsofaffin hotuna, da tsarin bitar da muke ganin zai yi aiki, da sunayen malaman da suka yarda su ba da lokacinsu kyauta. Muna roƙon a ba mu ranar zama kafin ƙarshen wannan zango, domin a samu yin daren kallo na farko a kakar da ke tafe.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a cikin 'ya'yanmu.

Wassalam,
Malamin kimiyya a ƙaramar sakandare, a madadin abokan aikinsa da iyayen yara,
Zariya.